Niamh Fahey Tsakanin Ƙwallon Gelik da Ƙwallon Ƙafa

Niamh Fahey 'yar wasa ce daga gundumar Galway a yammacin ƙasar Ailan, wadda ta kai matakin ƙoli a wasanni biyu mabambanta. Tana da shekara 16 ta ci kofin ƙasa na ƙwallon Gelik na mata tare da gundumarsu a 2004. Tana da shekara 35 kuma ta buga wa Jamhuriyar Ailan wasa a gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa ta mata a 2023. A tsakanin nan ta taka leda a Arsenal da Chelsea da Bordeaux da Liverpool, ta kuma sanya rigar ƙasarta sau 115. Ba a fahimtar hanyar da ta bi sai an san mene ne ƙwallon Gelik, da kuma dalilin da ya sa aka daɗe ana ganin wasannin biyu ba sa ga maciji da juna a ƙasar.

Ƙwallon Gelik wasa ne na mutanen Ailan, ba a cika buga shi a wani wuri ba sai inda 'yan ƙasar suka yi ƙaura suka zauna. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 15. Filin ya fi na ƙwallon ƙafa girma nesa ba kusa ba, domin tsawonsa yakan kama daga mita 130 zuwa 145, faɗinsa kuma mita 80 zuwa 90. Ana cafe ƙwallo da hannu, ana kuma harba ta da ƙafa. Wadda ta riƙe ƙwallo ba ta wuce taku 4 sai ta buga ta da ƙasa ta sake cafewa, ko ta sake ta a kan ƙafarta ta maido ta hannu alhali tana cikin gudu. Ba a jefa wa abokiyar wasa ƙwallo, sai dai a doke ta da hannu. Turakun raga dogaye ne, sun zarce sandar da ke gicciye a sama. A zamanin da Fahey ta yi wasa, ƙwallon da ta shiga raga maki 3 ce, wadda ta bi ta saman sanda a tsakanin turaku kuma maki 1. Babu dokar satar gida. Wasan mata minti 60 ne, an yarda su ɗauki ƙwallo daga ƙasa kai tsaye, an kuma hana su bangaza da kafaɗa wadda aka halatta wa maza.

Ƙungiyar da ta tsara wasan, wato GAA, an kafa ta ne ranar 1 ga Nuwamba 1884 a otal ɗin Hayes da ke garin Thurles, bisa jagorancin wani malamin makaranta mai suna Michael Cusack. A lokacin Ailan tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya, manufar ƙungiyar kuwa ita ce raya wasannin gargajiya kafin na Ingila su shafe su. An gina ta a kan ginshiƙai biyu da har yau ba su gushe ba. Na farko, ba a biyan ɗan wasa albashi, komai shahararsa. Malamin makaranta ne, ko manomi, ko ɗan sanda, ko ɗalibi, ya buga wasan ƙarshe a filin Croke Park na birnin Dublin mai ɗaukar mutum 82,300, ya koma bakin aikinsa a makon. Na biyu, mutum yana wakiltar mahaifarsa ne, ya fara da ƙungiyar ƙauyensu, in ya yi fice a ɗauke shi tawagar gunduma. Tsibirin yana da gundumomi 32, ba kuma sayen ɗan wasa ake yi daga wata zuwa wata ba. Wanda ya san gasar kokawar gargajiya ta Nijar, inda kowace jiha take tura gwanayenta neman takobi, ya san irin kishin da ke tattare da wannan tsari.

Ƙwallon ƙafa kuwa masu kishin ƙasa sun ɗauke ta wasan 'yan bariki, saboda ta yi ƙarfi a garuruwan da sojojin Birtaniya suke da sansani. Tun farkon ƙarni na 20 GAA ta kafa doka, wadda daga baya aka sani da doka ta 27, da ta haramta wa mambobinta buga ƙwallon ƙafa da zari-ruga da kurket da hoki, har ma da zuwa kallonsu. Akwai kwamitocin sa-ido da ke leƙa filaye don gano masu saɓawa. Ƙiyayyar tana da tushe mai zafi: ranar 21 ga Nuwamba 1920 jami'an tsaron Birtaniya sun buɗe wuta a Croke Park ana tsakiyar wasa, mutum 14 suka mutu, ciki har da ɗan wasan Tipperary Michael Hogan. Dokar ba ta bar babba ba. A 1938 an tuɓe shugaban ƙasa Douglas Hyde daga matsayin uban ƙungiya, don kawai ya halarci wasan ƙwallon ƙafa tsakanin Ailan da Poland a filin Dalymount Park. Sai a 1971 aka soke ta. Bayan haka ne Kevin Moran ya ci kofin Gelik da Dublin a 1976 da 1977, sannan ya koma Manchester United a 1978.

Mata ba su shiga wannan rikici kai tsaye ba, domin a lokacin ba su da tsararriyar gasa a ko ɗaya daga cikin wasannin biyu. Tawagar mata ta Jamhuriyar Ailan ta buga wasan ƙwallon ƙafa na farko a 1973, ta doke Wales da ci 3 da 2. Ƙungiyar ƙwallon Gelik ta mata, LGFA, an kafa ta a 1974 a otal ɗin nan na Hayes, kuma ƙungiya ce mai zaman kanta, ba reshen GAA ba. Sai a 1986 aka fara buga wasan ƙarshe na mata a Croke Park. Ke nan wasannin biyu sun taso wa mata kusan tare, bayan an ɗage haramci, a ƙasa mai ƙarancin jama'a inda yarinyar da ta iya gudu da harbi kowace ƙungiya take nema. Wannan ne ya sa aka samu mata da dama masu buga wasa biyu ko uku.

An haifi Niamh Fahey ranar 13 ga Oktoba 1987, ta tashi a Killannin, wani yanki na karkara a bakin ƙasar Connemara, kusa da tafkin Corrib. Gidansu gidan Gelik ne. Yayanta Gary Fahey yana cikin tawagar Galway da ta ci kofin ƙasa na maza a 1998, shi ne kuma kyaftin ɗin da ya ɗaga wannan kofi, wanda ake kira Sam Maguire, a 2001 bayan sun doke Meath. Wani yayan nata, Richie, shi ma ya buga wa gundumar. Ita kanta ta shiga babbar tawagar mata tun tana makarantar sakandare. A watan Oktoba 2004, saura kwanaki kaɗan ta cika shekara 17, Galway ta kara da Dublin a wasan ƙarshe, ta zura ƙwallo 3 a raga da 8 ta saman sanda, jimilla maki 17, Dublin kuma ta tsaya a maki 11. Wannan ne karon farko da matan Galway suka ɗauki kofin ƙasa na mata, wanda ake kira Brendan Martin. A 2005 sun sake kaiwa wasan ƙarshe, Cork ta doke su, daga nan kuma Cork ta mamaye gasar, ta ci kofi 11 cikin shekara 12. A wannan shekarar ta 2005 an sanya Fahey cikin gwanaye 15 na ƙasa baki ɗaya.

Duk wannan lokaci tana buga ƙwallon ƙafa a ƙungiyar Salthill Devon ta birnin Galway, ana kuma kiranta tawagogin matasa na ƙasa. A watan Maris 2007 ta fara buga wa babbar tawagar Ailan wasa a gasar Algarve ta ƙasar Fotugal. A shekarar ce kuma tawagar haɗin gwiwa ta Galway ta ci kofin hukumar ƙwallon ƙafa ta Ailan, FAI, inda ta doke Raheny United da ci 1 da nema, kuma Fahey ce ta ci ƙwallon a bugun fenareti. An yi wasan ne a Dalymount Park, filin da zuwansa ya jawo wa Douglas Hyde tuɓewa.

A watan Agusta 2008 ta koma Arsenal, nan ne kuma hanya ta rabu. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, ba gazawa a Gelik ce ta kai ta Landan ba, domin tana cikin fitattu. Tsarin wasannin ne ya yanke hukunci. Gelik tana ba 'yar wasa suna da dangantaka da mahaifa da taron 'yan kallo, amma ba ta ba ta abin zaman gari, ba ta kuma da gasar ƙasa da ƙasa irin ta kofin duniya. Ƙwallon ƙafa tana da waɗannan, sai dai a wancan lokacin ba a cikin Ailan ba, tunda gasar lig ta mata ta ƙasar sai a 2011 aka kafa ta. Duk wadda take son ci gaba dole ta tsallaka teku. Arsenal kuwa ita ce kan gaba a Ingila ƙarƙashin koci Vic Akers, ta ci kofin Turai a 2007, tana kuma da 'yan Ailan irin su mai tsaron gida Emma Byrne da Ciara Grant da Yvonne Tracy, waɗanda suka share mata hanya.

Kada a ɗauka ta tarar da daula. A shekarun nan 'yan wasan mata na Ingila ba cikakkun ƙwararru ba ne, yawancinsu suna aiki ko karatu da rana su yi atisaye da yamma. Fahey ta haɗa wasa da karatun kimiyyar magunguna har zuwa digiri na biyu. A kakarta ta farko Arsenal ta lashe kofi uku na cikin gida, ita kuma tana buga baya ta gefen hagu. A shekara shida da ta yi a can ƙungiyar ta ci lig a 2009 da 2010, ta ci sabuwar gasar WSL a 2011 da 2012, ta kuma ɗauki kofin FA a 2009 da 2011 da 2013 da 2014. Gelik ma ba ta rabu da ita gaba ɗaya ba. A 2012 ta buga wa Parnells, ƙungiyar 'yan Ailan mazauna Landan, wadda ta ci kofin ƙasa na ƙungiyoyi a rukuni na tsakiya. A 2013 jijiyar gwiwarta ta tsinke, ta yi jinya mai tsawo kafin ta dawo.

A ƙarshen 2014 ta koma Chelsea ta koci Emma Hayes, inda ta zauna a tsakiyar 'yan baya, matsayin da aka fi saninta da shi. Ranar 1 ga Agusta 2015 aka buga wasan ƙarshe na kofin FA na mata a filin Wembley a karon farko, Chelsea ta doke Notts County da ci 1 da nema a gaban 'yan kallo fiye da 30,000, ta kuma haɗa da lashe gasar WSL a kakar. A 2017 Fahey ta tafi Bordeaux ta Faransa, ta yi kaka guda.

Liverpool, wadda ta koma a 2018, ita ce ƙungiyar da take goyon baya tun tana yarinya, a nan kuma aka fi ganin halinta, domin ba lokacin daɗi ta je ba. Ƙungiyar matan ta ci lig a 2013 da 2014, amma aka yi sakaci da ita ta koma baya. A 2020 annobar korona ta sa aka tsayar da kaka, aka yi lissafi da matsakaicin maki, Liverpool ta faɗi zuwa rukuni na biyu a daidai shekarar da mazan ƙungiyar suka ci gasar Firimiya. 'Yan wasa da dama sun tafi. Fahey ta zauna, aka ba ta kyaftin. A watan Afrilu 2022, ƙarƙashin koci Matt Beard, suka doke Bristol City da ci 4 da 2 suka dawo babbar gasa, kuma tana cikin waɗanda suka ci ƙwallo a ranar. A kakar 2023 zuwa 2024 sun ƙare a matsayi na 4. Zaman da ta yi a rukuni na biyu tana da shekara fiye da 30, alhali ta riga ta tara kofuna a wasu wurare, ya yi daidai da tarbiyyar Gelik, inda ba a san barin ƙungiya don ta sha kaye ba.

A tawagar ƙasa kuwa shekaru sun yi ta wucewa ba tare da Ailan ta samu gurbi a wata babbar gasa ba, kuma ba ƙarancin gwanaye kaɗai ne dalili ba. A watan Afrilu 2017 'yan wasan tawagar, da Emma Byrne a gaba, sun kira taron manema labarai a zauren Liberty Hall na Dublin, suka bayyana cewa ba a biyansu kuɗin wasa, masu aiki suna asarar albashi duk lokacin da aka kira su, har kayan atisaye ma aro ake ba su, sukan tuɓe su a ban-ɗakin filin jirgin sama su mayar don wasu tawagogi su saka. Suka yi barazanar ƙin buga wasa. Cikin kwanaki kaɗan hukumar FAI ta zauna da su aka daidaita. A watan Agusta 2021 aka kai ga yarjejeniyar biyan mata da maza kuɗin wasa daidai, bayan mazan sun yarda a rage nasu. Fahey ta ga zamanin biyu da idonta. Ta buga wasanta na 100 a watan Fabrairu 2022 da Poland, ƙwallo ɗaya tak da ta ci wa ƙasarta kuma ta zo ne a watan Yuni na shekarar, lokacin da suka lallasa Jojiya da ci 9 da nema.

Daren 11 ga Oktoba 2022 a filin Hampden Park na birnin Glasgow shi ne mafi girma a tarihin tawagar. Wasa ɗaya ne da Sikotland, wadda ta yi nasara ta kama hanyar kofin duniya. Tun kafin hutun rabin lokaci ƙwallo ta taɓa hannun Fahey a cikin da'ira aka ba da fenareti, mai tsaron gida Courtney Brosnan ta tare bugun Caroline Weir. A zagaye na biyu Denise O'Sullivan ta zura wa Amber Barrett ƙwallo ta tsakiyar 'yan baya, ta ci, aka tashi 1 da nema. Barrett ita ma 'yar Gelik ce, ta buga wa gundumar Donegal kafin ta zaɓi ƙwallon ƙafa. Bayan ta ci sai ta durƙusa ta sumbaci baƙin ƙyallen da ke damtsenta, saboda mutum 10 da suka rasu kwana huɗu kafin nan a fashewar da ta auku a ƙauyen Creeslough na gundumarsu.

A gasar ta 2023, wadda Ostireliya da New Zealand suka karɓi baƙunci, Ailan ta faɗa rukuni ɗaya da Ostireliya da Kanada da Najeriya. Fahey ta yi fama da rauni a ƙafa watanni kafin gasar, amma ta warke a kan lokaci, koci Vera Pauw ta sa ta a dukan wasanni uku. Ostireliya ta doke su da ci 1 da nema a birnin Sydney a gaban mutum fiye da 75,000. Kanada ta doke su 2 da 1 a Perth, duk da ƙwallon da Katie McCabe ta ci kai tsaye daga bugun kusurwa. Ranar 31 ga Yuli suka haɗu da Super Falcons ta Najeriya a Brisbane, 'yan bayan Ailan suka yi ta fama da Asisat Oshoala, wadda ita ma ta taɓa wasa a Liverpool da Arsenal, Brosnan kuma ta kaɗe wata ƙwallo da Uchenna Kanu ta sa wa kai, ta bugi sanda ta dawo. Aka tashi canjaras babu ci. Najeriya ta wuce zagaye na biyu, Ailan ta koma gida da makinta na farko a kofin duniya.

Akwai abubuwan da 'yar Gelik take zuwa da su ƙwallon ƙafa, an kuma gan su a wasan Fahey. Wadda ta saba cafe ƙwallo a sama cikin cunkoso ta iya karanta inda za ta sauka, ba ta kuma tsoron karo. Babban fili yana gina juriya, tsaron mutum da mutum da ake yi a Gelik kuma yana koyar da bin abokiyar karawa sau da ƙafa. Amma akwai abin da sai an koya daga tushe. Harbi daga hannu daban yake da sarrafa ƙwallo a ƙasa, wasan da babu satar gida kuma ba ya koya wa 'yan baya tsayuwa a layi ɗaya su matsa gaba tare. Shi ya sa waɗanda suka yi nasara a wasannin biyu, kamar Fahey da Barrett, tun suna ƙanana suke buga su tare, ba daga baya suka sauya ba.

Wannan hanya tana ƙara ƙuntata. Tun 2018 gasar WSL ta zama ta cikakkun ƙwararru, kwantiragi kuma ba ya barin 'yar wasa ta je ta yi kasadar rauni a wani wasa. Gasar lig ta Ailan ma ta fara ba da kwantiragin ƙwararru daga kakar 2023, tawagogin Gelik na gundumomi kuma atisayensu ya yi tsanani, har ba ya barin sarari. Sannan wata ƙofa ta buɗe: gasar ƙwallon Ostireliya ta mata, AFLW, wadda aka fara a 2017, wasa ne da ake cafe ƙwallo da hannu, kuma ana biyan albashi. Cora Staunton ta gundumar Mayo, mai kofin ƙasa 4 na Gelik, wadda ta kuma ci kofin FAI a 2006, ta fara buga gasar a 2018 da ƙungiyar GWS Giants. Sarah Rowe, ita ma ta Mayo, wadda ta buga wa Ailan ƙwallon ƙafa, ta bi sahu zuwa Collingwood. Cikin 'yan shekaru 'yan Ailan a gasar suka haura 30. A gida kuwa wasan ƙarshe na mata na 2019 tsakanin Dublin da Galway ya tara mutum 56,114 a Croke Park, amma a 2023 'yan wasan gundumomi sun yi zanga-zanga kan rashin kulawar likita da kuɗin sufuri da wuraren atisaye, kusan irin koken da takwarorinsu na ƙwallon ƙafa suka yi a 2017. An tsayar da 2027 a matsayin shekarar da za a haɗe GAA da LGFA da ƙungiyar kamogi, wani wasan gargajiya na mata, su zama ƙungiya ɗaya.

Fahey ta buga wa Ailan wasanninta na ƙarshe a 2024, shekarar da Wales ta hana su gurbi a gasar Turai ta 2025. A watan Janairu 2025 ta sanar da yin ritaya daga tawagar ƙasa bayan shekara 17 tana cikinta. A ƙarshen kakar ta rataye takalmanta a Liverpool, ƙungiyar kuma ta riƙe ta a matsayin jami'a mai kula da tsare-tsaren wasa na ɓangaren mata.